Fosta: Me Ya Sa Fuskar Jaruma Ke Yin Jawur?

Sau tari a kan Ahmadu Bello Way, cikin Doka a Kaduna, za ka ga fostar fim, fuskar jaruma jawur kamar manja. Laifin yakan faro ne daga ɗakin zane, inda ake aiki da allon kwamfuta biyu: wannan ja-ja, wancan shuɗi-shuɗi. To, wanne ke faɗin gaskiya?

Maganin shi ne na'urar auna launi irin su Spyder. A bar allo kunne minti 30, a ɗora ta a kan gilashi, a saita farin a 6500K, kowane allo da nasa awon. Sannan a buga gwaji ɗaya kafin dubbai.

In aka ƙi, furodusa ya tafka asara, jaruma kuma ta ɗaure fuska!