Yadda ake rayuwa a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska: Abin da na gani a tsibiran Karibiyan

Jama'a, tun da na dawo Fatakwal, duk majalisar da na zauna sai wani matashi ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, dubi wannan." Bidiyo ne na farin jirgi a kan ruwa shuɗi, mutum a kwance yana shan ruwan kwakwa. Wasu har tambayata suke yi yadda za su samu aiki a irin waɗannan jirage. To, ni na yi mako uku a cikin ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da bidiyon ba ya nunawa.

Aiki ne ya kai ni ƙasar Tirinidad. Wani abokin aikina ɗan ƙasar yana da jirgi mai tsawon mita 12 da yake ajiyewa a Chaguaramas, matattarar irin waɗannan jirage. A watan Maris na 2023 ya gayyace ni, muka tashi mu huɗu zuwa Girenada da ƙananan tsibiran da ke arewa da ita.

Farko dai, jirgin yana da inji, amma ba da shi ake tafiya ba sai in za a shiga tasha ko iska ta ɗauke. Filafilai ne ke ja, wato manyan ƙyallaye masu ƙarfi da ake ɗagawa a jikin doguwar sanda. A wannan yanki iska daga gabas take busowa kusan kullum, musamman daga Disamba zuwa Mayu. Gudun jirgin bai wuce kilomita 10 zuwa 11 a awa ba, ɗan acaba ma ya fi shi. Daga Tirinidad zuwa Girenada kusan kilomita 150 ne, muka tashi da yamma muka isa da hantsi. Dare guda ana karɓa-karɓar gadi, awa uku-uku, domin dole a samu mai ido biyu yana duba fitilun manyan jirage. Ni kam a daren nan ban amfana wa kowa komai ba. Jiri da amai suka kwantar da ni, sai a rana ta uku cikina ya saba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Kana tsakiyar ruwa, amma ruwa ne abin da ya fi komai tsada. Tankinmu lita 400 ne, wato jarka 16 irin ta mairuwa. Da shi za a sha, a yi girki, a yi wanka. Kwanuka da ruwan teku ake wankewa, sannan a ɗauraye da kofi ɗaya na ruwan daɗi. Wanka ma haka: ka faɗa teku, ka fito, ka watsa buta ɗaya don cire gishiri. Akwai na'urar da ke matse ruwan teku ta cikin matata ta cire gishirin, masu hali suna sa ta, sai dai tana cin wuta kuma gyaranta ba arha. Mu ba mu da ita. In hadari ya taso, da gudu ake shimfiɗa tamfol a tari ruwan sama. Alwala kuwa ba ta ba ni wahala ba, tunda malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne. Guga kawai nake jefawa.

Wuta ma lissafi ce. Sola ce ke cika batir, batir ɗin kuma shi ke riƙe firij, fitilu, rediyon sadarwa da na'urar nuna hanya. Kowace safiya mai jirgin zai duba nawa ya rage kafin ya ce a sa caji. Na ce masa mu 'yan Najeriya ba sai an koya mana wannan ba, NEPA ta riga ta horar da mu.

Yawancin kwanakin ba tafiya ake yi ba, a tsaye ake a wani lungu na tsibiri, an jefa anka. A nan na koyi cewa nauyin anka kaɗai ba ya riƙe jirgi, sai an sake sarƙa isasshiya ta kwanta a ƙasa. Ƙa'idar ita ce tsawon sarƙa ya kai ninki biyar na zurfin ruwa, in iska ta yi ƙarfi a ƙara. Zurfin mita 5, sarƙa mita 25 ke nan ko fiye. Kuma a kan yashi ake nema a jefa, ba a kan ciyawar ruwa ko murjani ba. Wani dare a kusa da tsibirin Union, wajen ƙarfe biyu, iska ta taso da ruwan sama, ankarmu ta saki. Ƙarar na'ura ce ta tashe mu. Kafin a tayar da inji mun riga mun ja da baya sosai, duwatsun murjani na bayanmu, ina jin ƙarar igiyar ruwa tana dukansu. Ni aka bai wa tocila na tsaya a gaba, ina haskawa ina salati. Sai da aka jefa sau uku ta kama. Wallahi ban sake yin barci mai nauyi ba har muka dawo.

Jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska, don haka alƙibla sai da kamfas. Daga can tana gabas ne da ɗan karkatawa arewa. Na sha fara salla ina kallon wani tsauni in sallame ina kallon wani.

Wani abin da mutane ba su sani ba: waɗannan tsibirai ƙasashe ne daban-daban. Tsakanin Carriacou da Union tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, amma na farko na Girenada ne, na biyu na Sen Binsent. Sai ka je kwastam da shige da fice an buga maka fita, in ka isa can ka ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar ba a tantance ku ba tukuna. Mai jirgi ne kaɗai zai sauka da fasfo ɗin kowa, sauran ku zauna har ya dawo.

Abinci kuwa shinkafa, wake, taliya da kayan gwangwani ne, sai kifin da aka kama da ƙugiya a hanya. Naman halal tun daga Tirinidad muka saya, domin akwai Musulmi da yawa a can. Ba kowane kifi ake ci ba. Babban barakuda, irin wanda muke rububi a Legas, a can gudunsa ake yi, saboda wata guba da ake kira sigwatera da ke taruwa a jikin manyan kifayen murjani, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi. Tobago Cays ƙananan tsibirai ne guda biyar, ba kowa a cikinsu, murjani ya zagaye yawancinsu kamar kofaton doki. Gwamnati ta killace wurin, an hana kamun kifi. Ruwan garau, kana hango kunkurun teku yana kiwo a ƙasa. Da dare ba fitila ko ɗaya, taurari kamar ka miƙa hannu.

Amma daɗin nan yana da wa'adi. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne. Shi ya sa da yawa suke gangarawa Tirinidad, wadda ke kudu da hanyar da guguwar ta saba bi, su fito da jirginsu tudu. Girenada ma da ana ganin ta tsira, sai guguwar Ivan ta ragargaza ta a 2004. A ranar 1 ga Yuli 2024 kuma guguwar Beryl ta faɗa wa Carriacou da Union, ta yaye rufin mafi yawan gidaje, ta tara jirage kan juna. Wuraren da muka kwana ne. Masu jiragen hutu da dama suna da inshora da wani gida a ƙasarsu. Masunta da masu kawo mana burodi a kwalekwale kowace safiya, su ba su da inda za su.

Ga ƙannena masu sha'awar wannan aiki, shawarata ita ce ku fara koyon iyo, ku gwada cikinku a kwalekwalen Bonny ko na Tarkwa Bay a ranar da ruwa ya yi fushi. Ku sani ana neman takardar horon kare kai a teku da ta lafiya kafin a ɗauki ma'aikaci a jiragen haya, kuma duk wanda ya ce ku turo kuɗi ta waya zai sama muku gurbi, ku yi hattara da shi. Aikin goge-goge ne, gyaran famfon banɗaki, jan igiya da gadin dare, a ɗakin da bai kai shagon mai shayi ba.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa gwargwadon abin da na sani. Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa.