Wa Annabi Ishaya Ya Gani A Haikali? Tambayar Da Majami'un Hajj Yusuf Suka Gada

Unguwar Hajj Yusuf, a yankin Gabashin Nilu na birnin Khartum, ta cika ne da mutanen da yaƙi da fari suka koro daga kudancin Sudan da Duwatsun Nuba da Darfur. Musulmi ne mafi rinjaye, amma Kiristoci ma suna da yawa, kuma yawancin majami'unsu daga rumfunan zana da ginin laka suka fara. Larabci ne harshen da ya haɗa su, shi ya sa Littafi Mai Tsarki na fassarar Van Dyck, wadda aka kammala a Beirut a 1865, yake hannun masu wa'azi da dama. A cikin wannan littafi akwai wata aya da malamai suka shafe ƙarnoni suna tafsirinta, domin ta taɓo jigon addinin Kirista, wato matsayin Almasihu.

Asalin maganar yana sura ta 6 ta littafin Ishaya. A shekarar da Sarki Uzziya ya rasu, wajen shekara 740 kafin haihuwar Almasihu, annabin ya ga wahayi: Ubangiji a kan kursiyi, gefen rigarsa ya cika Haikali, hayaƙi ya turnuƙe, dogaran ƙofa suna girgiza. Ga mala'ikun da ake kira serafim masu fukafukai shida-shida, biyu sun rufe fuska, biyu sun rufe ƙafafu, da biyu suke tashi. Tsoro ya kama Ishaya saboda ya san leɓunansa ba su da tsarki, sai ɗaya daga cikin serafim ɗin ya ɗauko garwashi daga bagade da awartaki ya taɓa bakinsa. Daga nan aka aike shi wurin mutanen da aka riga aka faɗa masa ba za su saurara ba.

Bayan ƙarnoni takwas, Linjilar Yohanna, a sura ta 12, ta nemi bayyana dalilin da ya sa jama'a suka ƙi gaskata Yesu duk da al'ajiban da suka gani. Sai ta kawo nassi biyu daga Ishaya, ɗaya daga sura ta 53, ɗaya daga sura ta 6, sannan a aya ta 41 ta ce annabin ya yi waɗannan maganganu ne domin ya ga ɗaukakarsa. Ɗaukakar wa ke nan? Mafi yawan masu tafsirin Kirista, tun daga iyayen ikilisiya na farko, sun ce Yesu ake nufi, tunda shi ne zancen ayoyin da ke gaba da baya. Idan kuwa haka ne, to Yohanna yana cewa wanda ya zauna a kursiyin nan shi ne ya zo duniya cikin jiki. Suna ƙarfafa wannan da sura ta 1 ta Yohanna, inda aka ce babu wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi.

Ba kowa ya yarda da wannan fahimta ba. Malaman Yahudawa suna ganin Allah Makaɗaici ne Ishaya ya gani, kuma da yawansu suna fassara bawan da ke shan wuya a sura ta 53 da al'ummar Isra'ila. Ƙungiyoyin da ba su yarda da Triniti ba, irin su Shaidun Jehobah, suna da nasu bayanin da bai mai da Yesu daidai da Uba ba. Irin wannan saɓani ya shafi wahayin Daniyel a sura ta 7, inda wani mai kama da ɗan mutum ya zo cikin gajimare aka ba shi mulki: Kiristoci suna haɗa shi da amsar Yesu gaban babban firist a Markus sura ta 14, wasu kuma suna nuna cewa surar da kanta ta ambaci tsarkakan Maɗaukaki a matsayin masu karɓar mulkin. Musulmi kuwa, ciki har da Hausawan Sudan da kakanninsu suka zo ta hanyar hajji ko suka yi hijira zuwa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun yi imani da Annabi Isa a matsayin Almasihu, manzo kuma bawan Allah, ba abin bauta ba.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a bakin Nilu. Bayan taron Nikiya na 325 ya tabbatar da allahntakar Almasihu, addinin Kirista ya iso ƙasar Nubiya a ƙarni na 6, har bishop Longinus ya kai daular Alwa a 580. Kufan babban birninta, Soba, yana gefen gabas na Shuɗin Nilu, ba nisa da Hajj Yusuf. A Faras, can arewa, masana daga Poland ƙarƙashin Kazimierz Michałowski sun tono babbar majami'a tsakanin 1961 da 1964, suka tarar da zane-zane a bango. Ɗaya daga ciki ya nuna gicciye da surar Almasihu a tsakiya, kewaye da halittu huɗu na wahayin Ezekiyel, masu fuskar mutum da zaki da sa da gaggafa. Wato masu zanen Nubiya sun ɗora Almasihu a wurin da annabawa suka ga ɗaukakar Allah, kuma sun ɗora shi ne a kan gicciye.

A nan ne nake ganin zuciyar tafsirin take. Yohanna bai ɗauko wahayin kursiyi shi kaɗai ba, ya ɗaure shi da labarin bawan da aka raina aka ƙi. A wurinsa, ɗaukakar Almasihu da wahalarsa abu ɗaya ne. Duk wanda ya tsinci aya ta 41 don kawai ya kayar da abokin gardama, ya bar rabin saƙon a baya. Kiristocin Hajj Yusuf sun fi kowa sanin nauyin wannan rabin: a watan Yunin 2012 hukumomi sun rushe majami'ar Saint John ta ɗariƙar Episcopal a unguwar, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai, Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Mutanen da za su sake gina unguwa ɗaya suna buƙatar sanin ainihin abin da maƙwabci ya gaskata, ba abin da aka ji a bakin kasuwa ba. Fasto ya karanta wa jama'arsa surar gaba ɗayanta, ya kuma faɗi gaskiya cewa akwai masu fahimtarta daban. Malami ya bayyana wa almajiransa aƙidar Kirista yadda Kiristoci suke faɗinta kafin ya kawo hujjarsa. Saɓanin zai ci gaba, amma zai zama na masu ilimi, kuma irin wannan saɓani ba ya hana mutane cin kasuwa ɗaya ko zuwa gaisuwar mutuwar juna.