Layya a gidan surukai: kasko ko itace?

Kwana biyu kafin babbar salla tashoshin Maraɗi kan cika da mata da ƴaƴansu. An rufe rumfa daidai lokacin da ciniki ya fi daɗi, za a yi salla gidan surukai.

Wata Bakatsiniya mai saida atamfa, da aure ya kawo ta nan, ta ba mu labarin sallarta ta farko a gidan iyayen miji. A gidansu ana yanka, a raba ɗanye, a soya saura. Nan kuwa ta ga an feɗe rago, an tsire shi ga itace biyu gicciye, an jingina kusa da wuta har dare, rabo sai wanshekare. Ta ɗauko wuƙa za ta yanki cinya. Uwar miji ta yi shiru, irin shirun nan da kuka sani. Kunya ta hana tambaya, mijin kuma, kamar yawancinmu maza, bai gaya mata komi ba tun a hanya.

Bana tsohuwar da kanta ta miƙa mata kaskon suyar kayan ciki, ta ce: «Ƴata, sa yajin nan naku.» Cinyar dai ta kwana ga itace.