Motar da ba ta san bango ba

Wani yayana da ke zaune a Agege, can bayan layin dogo, ya sayi Lexus 'yar tokumbo bara, irin wadda ba a zura mata makulli, maɓalli kawai ake dannawa ta tashi. Gidan da yake haya irin na Ikko ne, ɗakuna suna kallon juna, ba gareji ba fili. A gindin tagarsa motar ke kwana, madubinta har yana gogar bango. Wata Asabar da hantsi ya leƙo ya tarar da yaran maƙwabta uku a ciki, ɗaya ya kama sitiyari yana yi wa motar kuka da baki. Ya rantse ya kulle ta tun daren jiya. Da na je na ce, "Yaya, ina kake ajiye makullin?" Ya nuna mini ƙusar da yake rataye riga, a jikin tagar. Makullin na aljihun rigar, tsakaninsa da ƙofar direba bai kai kamu biyu ba.

Da gaskiyarsa, ya kulle. Motar ce ta buɗe wa yaran, domin a ganinta mai ita na tsaye a bakin ƙofa.

Irin wannan mota tana da ƙananan eriyoyi a hannayen ƙofa da wajen but, suna fitar da siginar rediyo mai rauni wadda ba ta nisa. In makulli ya ji kiran sai ya amsa da lambar sirri, a kan megahaz 315 in motar ta Amurka ce, ko 433 in ta Turai ce. Lambar ta yi daidai, ƙofa ta saki ga duk wanda ya kama hannunta. Littafin da Toyota ke haɗawa da motocinta ya ce tazarar kusan santimita 70 ce daga hannun ƙofa, har ya yi gargaɗin cewa ruwan sama mai ƙarfi ko na wankin mota na iya buɗe ƙofar in makullin na kusa. Wanda ya san damunar Legas ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ita sigina ba ruwanta da bulo ko katakon taga, ratsa su take yi.

Yanzu kuma makullin ya fara komawa cikin waya. Tesla ta fito da Model 3 a 2017 da waya a matsayin makulli, Apple ta shigo harkar a 2020 tare da BMW, Samsung da Google suka biyo baya. Motocin da ke da wannan ba su yi yawa a unguwanninmu irin su Sango ko Pen Cinema ba tukuna. Amma mu a nan motar da Bature ya gama yayinta muke hawa, kuma abin da ake sayarwa sabo a can yau shi za a sauke a tashar jiragen ruwa ta Tin Can nan da 'yan shekaru.

Matsalar wayar ta fi ta makullin aljihu. Yawanci da Bluetooth take magana da motar, shi kuwa yana kai mita goma, wani lokaci fiye. Motar ba ta ganin wayar, ƙarfin siginar take aunawa ta yi kirdado: in da ƙarfi, mai ita ya iso, in da rauni, ya yi nisa. Kirdadon nan yana sauyawa da kaurin bango, da ko taga a buɗe take, har da ko wayar na aljihun gaba ko na baya. Wasu motocin ma ba sa jiran a taɓa su, da sun ji wayar ta matso sai su kunna fitila su cire kulle. Mutum na iya tashi daga tabarma ya nufi banɗaki da wayarsa a hannu, motarsa a titi ta buɗe bai sani ba.

Sannan wayarmu ba ta zama wuri ɗaya. Yaro ya karɓa ya yi wasa, uwargida ta ara ta kira gida, in an ɗauke wuta a kai wa mai caji. Rumfar mai cajin kuwa sau da yawa a bakin titin da motar take.

Abin da ya fi ba ni mamaki wani zaɓi ne da ke cikin Tesla, wanda ke hana motar kulle kanta in tana gida. Wanda ya tsara shi ya ɗauka gida shi ne wurin aminci: gareji mai ƙofa, katanga, fili tsakanin ɗakin kwana da mota. A Agege kuwa gida ne inda mota ta fi zama a banza, ta kwana a titi, masu wucewa na gogarta.

Ɓarayi sun daɗe da gano wata kafar. Mutum biyu ne: ɗaya ya tsaya jikin mota da na'ura, ɗaya ya kara tasa a bangon gida. Na'urorin su ɗauki kiran motar su miƙa wa makullin da ke ciki, ya amsa, motar ta buɗe ta kuma tashi. Da ta tashi, injin ba ya mutuwa don an yi nisa da makulli. Masana a jami'ar ETH ta Zurik sun gwada dabarar a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8, suka bayyana sakamakon a 2011, duk suka buɗu. A 2017 'yan sandan West Midlands a Ingila suka fitar da bidiyon yadda aka ɗauke wata Marsandi a Solihull cikin kusan minti ɗaya. A Mayun 2022 kamfanin NCC Group ya nuna cewa makullin waya na Tesla ma bai tsira ba. Kada a ce labarin Turai ne. Kamfanonin inshora a Kanada sun ce diyyar satar mota ta haura dala biliyan 1.5 na kuɗin ƙasar a 2023, kuma wasu motocin a kwantena suka iso gaɓar nan tamu. A Satumbar 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kamfanoni sun kawo gyara da fasahar UWB, wadda Apple ta fara sa wa iPhone 11 a 2019. Ita ba ƙarfin sigina take aunawa ba, lokacin da siginar ta ɗauka ta je ta dawo take ƙirgawa. Sigina na cin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, don haka na'urar ɓarawo tana ƙara jinkirin da zai tona mata asiri. Gyara ne na gaske, sai dai bai magance ta yayana ba. Makullinsa da gaske yana kusa. Bango ne kawai a tsakani, motar kuwa ba ta san bango ba.

A ganina duk wanda motarsa ke kwana a bakin taga ya kashe buɗewar da take yi da kanta, ya koma danna rimot ko kara waya a jikin ƙofa. Ana yin hakan a allon motar ko a manhajar wayar. A Toyota da Lexus da dama, in ka danne maɓallin kullewa ka latsa na buɗewa sau biyu, 'yar fitilar makullin za ta ƙifta sau huɗu, ya yi barci sai ka sake taɓa shi. Kwaɗon sitiyari na ƙarfe, wanda ake yi wa kallon kayan tsofaffi, har gobe yana aiki. Dillalan motoci na Berger su ma ya kamata su riƙa faɗa wa mai saye wannan tun kafin a yi sallama.

Yayana yanzu a tsohon gwangwanin Milo yake sa makullin, ya rufe murfin ya tura ƙarƙashin gado. Kai ma gwada naka yau da dare: kulle motar, ajiye makulli ko waya inda ka saba, sannan ka fita hannu rabbana ka ja ƙofar.