Saƙon da Fararen Ƙwayoyin Jini Ke Aikawa

Idan masana suka ɗebi jinin mutum lafiyayye, suka ware fararen ƙwayoyinsa, suka gauraya su da matattun ƙwayoyin cuta cikin ɗumi irin na jiki, kafin kwana ya zagayo sai fararen ƙwayoyin su fitar da sinadaran da ake kira sitokin, kamar IL-6 da TNF, waɗanda da su suke sanar da junansu cewa abokin gaba ya shigo. A shekarar 2016 malaman Jami'ar Radboud ta Holan suka wallafa bincikensu kan kimanin mutum 500, inda ta tabbata, ikon Allah, cewa adadin sitokin yakan saɓa gwargwadon gado, da shekaru, da jinsi, har da lokacin shekara. Lalle al'amari ne mai nauyi ga likita, domin ƙarancin sitokin kan ba cuta dama, yawansa kuwa kan haifar da kumburin da ke lalata gaɓoɓi.