Akwatin da ke riƙe da ran na'ura

Kowace na'ura a ofisoshin Sakatariyar Tarayya, daga mai ɗaukar zanen yatsa a bakin ƙofa har zuwa inbatar da ke lungu, zuciyarta wani koren faranti ne mai kaurin kusan milimita 1.6, wanda aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin tagulla. Akwatin da ke rufe da farantin kuwa, ba a cika waiwayarsa ba sai ranar da na'urar ta mutu.

Injiniyan da ke tsara akwati yakan fara da ƙananan ginshiƙan da za su ɗaga farantin, don kada ya taɓa ƙarfe wuta ta haɗu. Sai batun noti. In an matse shi fiye da kima, farantin ya lanƙwashe, dalmar da ke riƙe da sassan ta tsage. In an bar shi sako-sako, girgizar mota tsakanin Legas da Abuja kaɗai ta isa ta karya ƙafafun sassa masu nauyi tun kafin a buɗe kwali.

Mafi wuyar sha'ani shi ne ƙura da zafi, domin maganin ɗaya shi ke jawo ɗayan. A huda kafofin iska, ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, damina ta zo ta jiƙa ta. A toshe ko'ina, zafin watan Maris ya taru a ciki, kuma injiniyoyi sun daɗe da lissafin cewa ƙarin digiri 10 na rage kusan rabin rayuwar kapasito. Shi ya sa akan yi akwatin waje da alminiyam mai fiffike, jikinsa ya riƙa fitar da zafi alhali yana rufe ruf.

Akwai ma'aunin duniya da ke bayyana wannan, wato lambar IP. A IP65, shida na nufin ƙura ba ta shiga sam, biyar kuma akwatin na jure feshin ruwa. IP20 kuwa yatsa kawai yake tarewa, ba ruwansa da ruwa.

A nan ne lamarin ya shafi mai rubuta takardar kwangila. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 na fifita mafi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Muddin takardar ba ta ambaci lambar akwati ba, ɗan kwangilar da ya kawo na cikin ɗaki don a kafa a filin ajiye motoci bai karya wani sharaɗi ba, kuma kuɗin gyara daga kasafin ma'aikatar zai fita.