Kafin ka rubuta RIP: Ina Kiristoci suka yi imani ruhu yake zuwa bayan mutuwa?

Ka lura da abin da ke faruwa duk lokacin da aka ɗora hoton wani Kirista da ya rasu a Facebook, ko a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku? Wataƙila ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ne, ko 'yar bautar ƙasa da ta fito daga sansanin Fanisau aka tura ta koyarwa Kiyawa ko Jahun, ko mai shagon da ka saba sayen kayan gyaran babur a wurinsa. Kwamen goma na farko lafiya lau. A na sha ɗaya sai wani ya ce haramun ne a rubuta RIP, wani ya mayar masa da martani, kafin la'asar an manta da mamacin an koma zagin juna. Ƙannensa da mahaifiyarsa kuwa suna nan riƙe da waya, suna karanta komai.

Abin mamakin shi ne, da yawa cikin masu wannan faɗa, Musulminsu da Kiristansu, in ka tsare su ka ce su gaya maka me coci ke koyarwa a kan makomar ruhu, sai ka ji an fara kame-kame. To bari mu duba, don ka san me maƙwabcinka yake nufi in ya ce babansa "ya tafi gida". Sanin aƙidar mutum dai ba ya nufin ka karɓe ta.

Da farko, Kiristocin Dutse ba abu ɗaya ba ne. Akwai 'yan ɗarikar Angilika, waɗanda ke da dayosis ɗinsu na Dutse tun 1996, da babban cocinsu na St. Peter. Akwai 'yan Katolika, su kuma Jigawa gaba ɗaya tana ƙarƙashin dayosis ɗin Kano ne, wanda Bishop John Namaza Niyiring ke jagoranta. Akwai ECWA, wadda ta samo asali daga mishan na SIM, kuma Hausawa da sauran 'yan Arewa da yawa can suke. Ga 'yan Baftis, ga su Redeemed da Deeper Life da Living Faith. Wasu da Hausa tsantsa suke sujadarsu, shi ya sa za ka ji kalmomin da ka sani a bakinsu: lahira, Firdausi, ranar shari'a, gidan wuta. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma masu fassarar da kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani suka yi aiki. Kalma ɗaya, amma abin da ke ƙarƙashinta ba lallai ya zama ɗaya ba.

Inda suka haɗu

Kusan dukkansu sun yarda mutuwa ba ita ce ƙarshe ba, kuma sau ɗaya ake yin ta, sai hisabi. Babu zancen ruhu ya sake dawowa duniya a jikin wani jariri. Sun yarda Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), zai dawo, za a tashi matattu, a yi shari'a, wasu su shiga rai madawwami wasu su shiga hukunci.

Ka riƙe wannan, don nan mutane ke yawan kuskure: babban begen Kirista ba wai ruhu ya rabu da jiki ya yi ta shawagi a sama har abada ba ne. Tashin jiki ne. Shahadar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara tsarawa a shekara ta 325 aka kammala a 381, kuma 'yan Katolika da Angilika ke karantawa a sujadarsu har gobe, da zancen sa ran tashin matattu take rufewa. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, ya kwatanta gawa da irin da aka shuka: abin da zai tsiro ba kamarsa ɗaya da abin da aka binne ba, amma daga shi ya fito. Duk wanda ya taɓa yin binne a gonar gero kafin ruwan farko ya san hoton da ake nufi.

To amma tsakanin ranar da aka rufe mutum da ranar tashin, ina ruhun yake? Musulmi na da amsa mai suna, barzahu. A wajen Kiristoci, nan ne hanya ta rabu.

Tsakanin kabari da tashin matattu

Cocin Katolika na koyar da cewa da zarar rai ya fita, ana yi wa kowane mutum hisabinsa shi kaɗai, tun kafin babbar shari'ar ƙarshe. Wanda ya mutu tsarkakakke ya wuce wurin Allah kai tsaye. Wanda ya mutu da babban zunubi bai tuba ba ya tafi wuta. Sai rukuni na uku: mutumin da ya mutu yana shiri da Allah, amma da sauran datti a tare da shi. Shi sai an tsarkake shi tukuna, kuma wannan halin shi ake kira Furgatori. Mutane na ɗauka wata dama ce ta biyu, ko ƙaramar wuta da ake iya zarcewa babba daga cikinta. A koyarwarsu ba haka ba ne. Duk wanda ke can ya riga ya tsira, wanka ne kawai ya rage kafin ya shiga.

Wannan aƙidar ma sai da aka sha muhawara kafin ta zauna. A 1331 Fafaroma John na 22 ya yi wa'azi cewa tsarkaka ba za su ga Allah ba sai bayan shari'ar ƙarshe, malaman coci suka yi masa ca. Wanda ya gaje shi, Benedict na 12, shi ya yanke magana a 1336 cewa ba sai an jira ranar ba. Zancen Furgatori kuwa an tabbatar da shi a manyan tarukan coci na Lyon a 1274, da Florence a 1439, da Trent a 1563.

Daga nan ne addu'a ga mamaci ta samu gindin zama. In ɗan'uwanka na cikin tsarkakewa, addu'arka da sadakarka da Mas ɗin da Fada zai yi dominsa suna amfanarsa. Shi ya sa kowace 2 ga Nuwamba 'yan Katolika ke keɓe rana guda don yi wa matattunsu addu'a, wasu har su kai ziyara maƙabarta. Kiristocin Otodoks na Girka da Rasha, duk da ba su karɓi Furgatori yadda Roma ta bayyana shi ba, suna yi wa mamaci addu'a a rana ta uku da ta tara da ta arba'in. Bahaushen da ya tashi yana ganin sadakar uku da bakwai da arba'in ba zai ji wannan lissafi baƙo ba.

Yanzu ka je wurin faston ECWA ko na Baftis ka ce masa Furgatori, zai girgiza kai. A wurinsu mai bi da ya mutu, nan take ruhunsa yana tare da Almasihu, cikin hayyacinsa, yana jiran tashin jiki. Wanda bai ba da gaskiya ba kuma yana jiran hukunci. Babu zango na uku, kuma babu abin da addu'ar mai rai za ta canza. Hujjarsu ta haɗa da labarin da ke cikin Linjilar Luka, inda Yesu ya yi wa ɗaya daga cikin masu laifin da aka gicciye tare da shi alkawarin Firdausi a wannan ranar. Ka san dai Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, wannan ruwayarsu ce. Suna kuma kawo misalin attajiri da matalauci Li'azaru, waɗanda bayan mutuwarsu aka sa rami mai zurfi a tsakaninsu, ba mai tsallakawa.

Rabuwar ta samo asali ne tun 1517, lokacin da Martin Luther a Jamus ya tayar da ƙura kan yadda ake karɓar kuɗin talakawa da sunan rage wa matattunsu zaman Furgatori. Har littattafan ma sun bambanta. Wurin da 'yan Katolika suka fi kafa hujja da shi yana cikin littafin Makabiyawa na biyu, inda wani jagoran Yahudawa ya tara kuɗi aka yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu. Littafin yana cikin 73 na Katolika, ba ya cikin 66 da sauran ke amfani da su. Cocin Angilika, a cikin ƙa'idojinta 39 na ƙarni na 16, ta ƙi Furgatori a ƙa'ida ta 22.

Akwai kuma masu ra'ayi na uku. 'Yan Adbentis, masu sujada ranar Asabar, sun ce mamaci barci yake, bai san komai ba, ba ya sama ba ya wuta, sai ranar da aka tashe shi. Shaidun Jehobah, waɗanda sauran coci-coci ba sa lissafa su a cikinsu, sun ce ruhu ba ya rayuwa bayan jiki sam.

Ka ga ke nan RIP ɗin da ake ta faɗa a kai, asalinsa taƙaitawar wata addu'a ce ta Latin da ke roƙa wa mamaci hutu cikin salama, kuma gidanta Katolika ne. Akwai fastocin da su ma ba sa son mabiyansu su rubuta ta, saboda a ganinsu addu'a ce ga wanda an riga an gama da lamarinsa. Wato malamin da ya hana ka da faston da ya hana abokinka, kowa da dalilinsa, amma a kan haruffa ukun nan sun yi kiciɓis.

Wa ke shiga, wa ba ya shiga?

Nan ne wurin da ke da zafi, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Cocin ECWA da Baftis da na Fentikos suna koyar da cewa ceto ta bangaskiya ga Yesu kaɗai yake, aikin kirki ba ya sayen sa. Cocin Katolika ita ma ta ce ceto ta wurin Almasihu yake, amma a babban taron Vatican na biyu, cikin wata takarda ta 1964, ta ce wanda bai san Linjila ba, ba da laifinsa ba, kuma yana neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya samun tsira. Takardar ma ta ambaci Musulmi da suna, a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Musulunci shi ma yana da nasa hukuncin a kan wanda saƙo ya isar masa ya ƙi karɓa. Kowane ɓangare na da maganar da ɗayan ba zai ji daɗinta ba, kuma babu kwamen ɗin da zai goge wannan. A ganina, wurin tattauna ta shi ne gaban malamai da masu ilmi, ba ƙarƙashin hoton gawa ba.

Wasu abubuwan kuma da kake ɗauka aƙida ce, ba ita ba ce. Fatalwar nan mai farin ƙyalle da ke dawowa ɗaukar fansa a finafinan Kudu, aikin darakta ne. "Sama ta samu sabon mala'ika" da ake rubutawa a sitatos, magana ce ta lallashi, domin a koyarwar coci mala'iku halitta ce daban, mutum ba ya rikiɗa ya zama ɗaya. Ajiye gawa makonni a mutuware shi ma al'ada ce da lissafin tafiya. Iyalin da asalinsu Anambra ne ko Binuwai suna so su kai nasu gida, a tara dangi, a tara kuɗi. Hausawa Kiristoci da yawa ba sa jan lokaci haka.

To me za ka rubuta?

In kai Musulmi ne, abin da mafi yawan malamai suka hana shi ne nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara. Ta'aziyya ga masu rai kuwa malamai da dama sun halatta ta, musamman ga maƙwabci da abokin aiki. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne, ya nuna cewa shi ma ai rai ne. "Sannu da rashi, Allah ya ba ku haƙuri" ba ta taɓa aƙidarka ba, ba ta kuma taɓa tasu ba, ko ɗan Katolika ne ko ɗan ECWA ko ɗan Adbentis. In kana da shakka ka tambayi malaminka, kada ka ɗauki fatawa daga wani mai hoton zaki a furofayil.

Abin da ba shi da wurin zama shi ne ka shiga ƙarƙashin sanarwar rasuwa ka rubuta wa uwa inda kake ganin ɗanta yake. Haka kai ma Kirista, in abokinka Musulmi ya yi rashi, ranar ba ranar wa'azi ba ce. Mutanen Dutse sun san inda magana kan addini ke iya kaiwa. A watan Satumbar 2006, zargin ɓatanci da ya taso daga wata cacar baki ya jawo aka ƙona coci-coci fiye da goma a garin, har da na St. Peter. Lokacin babu WhatsApp, Facebook ma bai zo hannun kowa ba. Yau sikirinshot ɗaya zai zaga daga Takur zuwa kasuwar Shuwarin kafin ka gama cajin waya.

In ka samu hali ka taka har gidan makokin, za ka tarar ana waƙoƙi, wani lokaci har da ganga, kada ka ɗauka ba su ji zafin rashin ba ne. Wanda ya yi imani nasa yana wurin Ubangiji, waƙar ita ce hanyarsa ta jurewa. Za ka ji masu shigowa suna cewa "Allah ya ta'azantar da ku", wato Allah ya sanyaya muku zuciya, masu gida su amsa da amin. Ba dole ka shiga waƙar ba. Ka gaisa da manya, ka zauna ɗan lokaci a bencin waje tare da sauran maƙwabta, in za ka tashi ka yi musu sallama.